Matsayin Faifai da Kaset a Nazarin Waƙoƙin Alhaji Mamman Shata

Mai nazarin waƙoƙin Alhaji Mamman Shata Katsina yakan ci karo da wata matsala tun kafin ya fara aiki, wato tantance ainihin matanin waƙar da zai nazarta. Shata, haifaffen Musawa, ya shafe fiye da shekara hamsin yana waƙa da kalangu, har zuwa rasuwarsa a 1999. Gindin waƙa da amshinta su ne tsayayyu a wurinsa. Ɗiyan waƙa kuwa nan take yakan ƙaga su, gwargwadon wanda ke zaune gabansa da irin kyautar da aka yi masa.

Saboda haka, abin da Rediyon Kaduna ta ɗauka, ko wanda kamfanin EMI ya buga a faifai, rerawa ɗaya ce kurum daga cikin masu yawa. Faifai yana da iyakar lokaci, dandalin biki ba shi da ita. Bakandamiya ta isa misali: wanda ya saurari ɗauka biyu zai tarar an ƙara wasu ɗiya, an zubar da wasu. 'Yan kaset kuma sun daɗa dagula lissafi, domin sukan kwafa su sayar ba shekara, ba sunan wuri.

Tun 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba mawaƙin digirin girmamawa a 1988. Duk da haka, har yau ɗalibanmu sukan juya kaset ɗaya a takarda, su kira shi "waƙar", ba tare da faɗin inda aka ɗauke ta ba.