BINCIKEN TARIHIN LAIFI KAFIN ƊAUKAR MA'AIKACI: HAKKIN KAMFANI DA NA MAI NEMAN AIKI

Bankuna da kamfanonin tsaro da makarantu masu zaman kansu da yawa a ƙasar nan kan nemi mai neman aiki ya kawo takardar shaidar hali daga 'yan sanda kafin su ɗauke shi. Dalilin haka a fili yake: wanda zai damƙa wa mutum mabuɗin ma'ajiya ko kula da yara yana da hakkin sanin ko an taɓa kama shi da cin amana. Amma kuma bincike maras tsari yakan hana mai gaskiya abincinsa, ya kuma jawo wa kamfanin asara da shari'a.

A Nijeriya, rundunar 'yan sanda ce ke riƙe da babbar rajistar masu laifi, wadda aka daɗe da sanin ofishinta a Alagbon, Legas, inda ake gwada zanen yatsu. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015 ta ƙarfafa wannan rajista, ta umarci rundunonin 'yan sanda na jihohi su tabbatar ana aika mata da hukuncin da kotuna suka yanke. Haka kuma a shekarar 2019 Hukumar NAPTIP ta ƙaddamar da rajistar ƙasa ta waɗanda aka samu da laifin fyaɗe da makamantansa. Wasu ayyukan ma doka ce ta tilasta binciken, domin dokar bankuna ta hana ba wanda kotu ta samu da laifin zamba muƙami a banki.

Abu na farko da ya kamata mai ɗaukar ma'aikata ya kiyaye shi ne bambanci tsakanin kamu da hukunci. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauki duk wanda ake tuhuma a matsayin maras laifi har sai kotu ta tabbatar da laifinsa. Wannan batu yana da nauyi ƙwarai a ƙasar da mafi yawan waɗanda ke tsare a gidajen gyaran hali jiran shari'a suke yi. Mutum yana iya shafe shekaru a tsare, daga baya a sallame shi ba tare da an same shi da komai ba. A Amurka, kamfanin Pepsi Beverages ya amince a 2012 ya biya sama da dala miliyan 3, bayan hukumar daidaita damar aiki ta ƙasar ta gano cewa yana hana aiki ga mutanen da aka taɓa kamawa kawai, ba tare da an yanke masu hukunci ba.

Abu na biyu shi ne kuskuren bayanai. Idan aka bincika da suna kaɗai, ba da zanen yatsa ba, ba wuya laifin wani ya hau kan wani, musamman inda dubban mutane ke amsa suna ɗaya. Wannan ne ya sa dokar Amurka ta 1970 a kan rahoton bayanan jama'a ta wajabta neman izinin mai neman aiki a rubuce, tare da ba shi kwafin rahoton kafin a yanke shawarar ƙin ɗaukarsa. A nan gida, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba kowa damar ganin bayanan da aka tara a kansa da neman a gyara kuskure. Tarar da ta tanada wa manyan kamfanoni tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Abu na uku shi ne auna laifin da aikin. Hukumar daidaita damar aiki ta Amurka ta shimfiɗa ma'auni uku a jagorarta ta 2012: girman laifin, tsawon lokacin da ya wuce, da kuma irin aikin da ake nema. A bisa wannan, hukuncin zamba na bara ya isa ya hana mutum aikin akanta, amma faɗan ƙuruciya na shekaru 20 da suka wuce ba hujja ba ce ta hana shi tuƙin motar kamfani. A Ingila, dokar 1974 ta tanadi cewa wasu laifuffukan kan shuɗe bayan wani wa'adi, ta yadda ba dole ne mai su ya bayyana su ba, ban da ayyuka irin na kula da yara.

Ta fuskar tattalin arziki, rufe ƙofa gaba ɗaya yana da tsada. Binciken da Devah Pager ta buga a 2003 a kan birnin Milwaukee ya nuna cewa tarihin ɗauri ya rage yawan fararen fatan da aka kira bayan neman aiki daga kashi 34 zuwa 17 cikin 100, na baƙaƙen fata kuwa daga kashi 14 zuwa 5. Wanda ya gama zaman gidan yari, ya kuma rasa sana'a, ba ya biyan haraji, iyalinsa na zama nauyi a kan dangi, kuma komawarsa ga aikata laifi ba ta da wuya. Ke nan kuɗin da gwamnati ke kashewa wajen koya wa fursunoni kafinta da ɗinki ya tafi a banza.

Saboda haka, ya kamata kamfani ya rubuta manufarsa tun kafin ya tallata gurbi, ya jinkirta bincike har sai ya gamsu da cancantar mai nema, ya dogara ga hukuncin kotu kaɗai, ya kuma saurari bayanin mutum kafin ya yanke shawara. Sannan ya taƙaita masu ganin rahoton, ya lalata shi da zarar buƙatarsa ta ƙare. Mai neman aiki kuma ya faɗi gaskiya idan an tambaye shi, domin ƙaryar da aka gano daga baya takan fi tsohon laifin saurin raba shi da aikin.