Yadda sinadarin sitiroyid a abincin tarwaɗa ke shafar jininta

Tsadar abincin kifi na sa masu kiwon tarwaɗa neman hanyar gaggauta girmanta, kuma cikin abubuwan da aka jarraba akwai gauraya abincin da sinadaran sitiroyid. Sai dai sikeli nauyi kawai yake nunawa. Jini ne ke bayyana halin da kifin yake ciki.

Tarwaɗa ba ta sarrafa jini a ɓargo kamar ɗan Adam. Ƙoda da saifa ne ke wannan aiki. Sinadarin methyltestosterone, wanda aka fi sani wajen mayar da 'ya'yan karfasa maza, na iya sauya adadin jajayen ƙwayoyin jini. Hanta ce ke narkar da shi, kuma idan ya yi yawa ko aka daɗe ana bayarwa, takan galabaita. Alamar hakan ita ce hauhawar sinadaran ALT da AST a gwajin jini.

Nau'in dexamethasone kuwa yana ɗaga sukarin jini, ya kuma raunana fararen ƙwayoyin da ke yaƙar cuta. Kifin da garkuwarsa ta yi rauni, ƙaramar cuta kan iya zame wa mai shi babbar asara.

Tarayyar Turai ta haramta amfani da irin waɗannan sinadarai domin ƙara girman dabbobin kiwo, har da kifi, a dokarta ta 1996. A Najeriya, hukumar NAFDAC ce ke sa ido kan magunguna da abincin dabbobi. Hanya mafi aminci ga mai kiwo ita ce ingantaccen abinci, tsaftataccen ruwa da shawarar likitan dabbobi.