Kujerar bas: abin da ke riƙe ta a ƙasa ya fi soson da ke kanta muhimmanci

Duk ɗalibin da ke hawa bas daga bakin ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru zuwa kasuwar Sabon Gari ya san irin kujerar da ke rawa da zarar direba ya taka birki a Kwangila. Yawanci dariya ake yi a wuce. Amma wannan rawar alama ce cewa abin da ya haɗa kujerar da jikin motar ya fara saki, kuma ranar da aka yi karo, nan ne wurin da zai fara ɓallewa.

Daga ina kujerun suke?

Da yawa daga cikin ƙananan bas-bas na haya sun shigo ƙasar nan ne a matsayin motocin ɗaukar kaya, babu kujeru a baya. Wasu kuma sun zo da kujerunsu, aka cire aka sa benci domin a ƙara yawan fasinja. Mai walda ne ke haɗa firam da bututun ƙarfe, mai kushin ya ɗora katako da soso ya lulluɓe da leda. Aikin kan yi kyau a ido. Matsalar tana ƙasa, inda ƙafar kujera ta haɗu da daɓen mota.

Nauyin da kujera ke ɗauka a karo

Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, idan ta daki abu ta tsaya nan take, daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10. Shi ya sa dokar kera motoci ta Amurka mai lamba FMVSS 207 ta ce dole kujera ta jure ƙarfin da ya ninka nauyinta sau 20, ta gaba da ta baya. Wato benci mai kilo 15 sai ya jure jan da ya kai kilo 300. Wannan lissafin kujerar kaɗai ne. Idan mutum uku na baya ba su da bel, su ma a kan makarin bencin gabansu za su faɗo.

Wayar hannu na iya nuna bambancin. A cikinta akwai na'urar auna motsi, wadda ke juya allo idan an karkata wayar. Manhajar Phyphox, wadda wata jami'a a birnin Aachen na Jamus ta samar kyauta, tana nuna alƙaluman na'urar kai tsaye. Wanda ya gwada a mota zai ga cewa birki mai ƙarfi da ƙyar yake tura abu da ƙarfin da ya kai nauyinsa sau ɗaya. Don haka kujerar da ta shekara tana jure birki ba ta nuna komai ba game da ranar hatsari.

Yadda ake ɗaure ta daidai

Ƙarfen daɓen mota siriri ne, kaurinsa kusan milimita 1. Ɗigon walda a kansa ko sukurun da aka murɗa kai tsaye na iya yage shi kamar takarda. Abin da ya dace shi ne ƙusa mai noti ta ratsa daɓen gaba ɗaya, a sa farantin ƙarfe mai kauri da faɗi ta ƙarƙashi domin ya raba nauyin. Idan an samu, a yi amfani da ramukan da kamfani ya tanada, ko a dace da ƙarfen da ya gitta ƙasan motar.

Ita ma ƙusar akwai mai daraja. A kan kanta ana buga lamba, kuma 8.8 ko 10.9 su ne masu ƙarfi. Wadda ba ta da lamba ba ta kujera ba ce. Noti mai roba a ciki ya fi, domin girgizar hanya ba ta kwance shi. Kafin a huda, sai an leƙa ƙasa a tabbatar ba a kan tankin mai, layin birki ko wayoyin wuta ba. Bayan hudawa a shafa fenti a bakin ramin, in ba haka ba ruwan damina zai shiga, tsatsa ta cinye wurin.

Darasi daga jirgin ruwa

Masu ƙera jiragen ruwa masu gudu sun daɗe da sanin wannan, domin jirgi yana dukan igiyar ruwa ba ƙaƙƙautawa. Kujerunsu na da matashi a gefe biyu da ke riƙe ƙugun matuƙi, amma ba sa yarda da sukuru a jikin faiba. Ƙusar da ba ta tsatsa suke ratsawa, da faranti a ƙasa, su toshe ramin da gam don kada ruwa ya ruɓar da katakon ciki. Dabarar ɗaya ce a ruwa da tudu.

Abin da fasinja zai duba

Kafin a zauna, a kama makarin kujera a girgiza. Idan ƙafarta ta ɗaga ko ta yi ƙara, a canza wuri. Tocilan ɗin waya ya isa a haska ƙarƙashi: ana neman kan ƙusa a kowace ƙafa, babu tsagewa a walda, babu jar tsatsa kewaye da ramin. Idan wurin ya yi lungu, a zura kyamara a ɗauki hoto.

Mai mota kuma ya tambayi mai walda abu biyu kafin ya biya: wace lamba ce a kan ƙusar, kuma an sa faranti a ƙasa? Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana matsa wa direbobi su ɗaura bel. Sai dai bel ɗin da aka maƙala a jikin benci ba zai riƙe kowa ba idan bencin kansa ya tashi.