Alhaji Ya Tafi Mirrikh Noman Riɗi: Labarin Ban Dariya Da Ya Tono Zancen Aure A Gadarif

A Sudan, in ka ce "Mirrikh", ba wanda zai ɗaga kai ya dubi sama. Kowa ƙungiyar ƙwallon Omdurman zai tuna, abokiyar hamayyar Hilal. Ga shi kuwa Mirrikh sunan duniyar Mars ne da Larabci, Hilal kuma jinjirin wata. Wato dai mun daɗe da raba kanmu tsakanin masu goyon bayan wata da masu goyon bayan Mars, tun kafin ɗan Adam ya taka ko ɗaya daga cikinsu.

Da wannan barkwancin na buɗe darasin taurari ga ɗalibaina a nan Gadarif, bayan an sake buɗe makarantu. Na ce kowa ya rubuto gajeren labari kan tafiya sararin samaniya. Yawancinsu Larabci suka rubuto, kamar yadda aka saba. Wani yaro mai bakin tsiya, ɗan wajen shekara 14, ya ce shi nasa ba ya daɗi sai da Hausa, kuma da baki zai bayar. Na ce bismillah.

Alhajin da direba ya wuce da shi

Ya ce wai akwai wani Alhaji, babban dillalin riɗi a kasuwar amfanin gona ta Gadarif, mai mata biyu. Sai ya ji a rediyo cewa filin Mirrikh ba shi da mai shi, ba haraji, ba rigimar iyaka. Nan take ya yanki tikitin kumbo, ya ɗaure buhun iri, ya ce wa uwargida da amarya su kula da gida, zai dawo kafin kaka. Can a hanya direba ya tsaya shan jabana, ya bar wa yaron mota sitiyari. Yaron mota ya take wuta, suka wuce mararrabar Mirrikh ba su sani ba. Kafin su juyo, agogon Alhaji ya nuna shekara 1, a gida kuwa an ci shekara 40.

Alhaji ya sauka da buhunsa a ka. Ya yi sallama a ƙofar gidansa, sai ga wata haboba da sanda, ashe amaryarsa ce, tana jan jikokin wani mutum dabam. Bai gama salati ba aka ce masa yau ake ɗaurin auren jikansa. Ya ce, "Madalla, 'yar gidan wa?" Aka ce ba a sani ba tukuna. "A ina ya gan ta?" Aka ce a waya. "Wa ya kai gaisuwar iyaye?" Aka ce an tura saƙon murya. "Sadakin fa?" Aka ce ya shiga ta Bankak, ga hoton rasit. "Ina angon?" Aka miƙo masa waya, ango na ɗaga masa hannu daga Jidda. Alhaji ya aje buhu ya ce a kira masa yaron motan nan, zai koma.

Aji ya ɗauki dariya, har ni. Sai wata yarinya daga baya ta ce, "Ustaz, ai wannan ba sai an yi shekara 40 ba. Haka aka yi auren yayata bara." Dariya ta ƙaru. Nan na gane yaron nan ba Mirrikh ya kai mu ba, unguwarmu ya zagaya da mu.

Ba yau aka fara ba

Irin wannan labari yana da tarihi, har a cikin Hausa. A 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a kan wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaro Kilba da wani baƙo daga sama, Kolin Koliyo, ya ɗauka yawo a sararin samaniya. Masu nazari kan lissafa shi cikin na farko-farkon ƙagaggun labaran kimiyya da Hausa. A Masar kuwa, Taufiƙ al-Hakim, wanda duk mai karatun Larabci a Sudan ya san sunansa, ya rubuta wasan kwaikwayo a ƙarshen shekarun 1950 mai suna Rihla ilal Gad. Wasu mutum biyu ne da aka yanke wa hukuncin kisa aka cilla su sama a roka, suka dawo bayan ɗaruruwan shekaru suka tarar da duniyar da ba su gane ba. Tun 1933 ma ya yi wasa kan As'habul Kahfi, waɗanda Alƙur'ani ya ba mu labarin barcinsu na shekara 309.

Turawa su ma sun juya wannan tuwo. Stanislaw Lem na ƙasar Foland ya fitar da littafi a 1961 kan ɗan sama jannatin da ya yi shekara 10 a kumbo, ya dawo ya tarar an yi 127 a duniya, aure ya zama abu na ɗan lokaci, shi kuma ana kallonsa kamar mutumin daji. A 1974 Ba'amurke Joe Haldeman ya buga The Forever War. Sojansa duk lokacin da ya dawo daga yaƙin taurari sai ya tarar hukumomi sun sake juya sha'anin aure da haihuwa don rage yawan jama'a, har ta kai shi mai son mace shi ne abin nuni da yatsa. Haldeman tsohon sojan Biyetnam ne da aka ji wa rauni. Abin da ya gani da ya dawo gida shi ya sa wa rigar taurari.

Wannan bambancin lokaci kuwa ba tatsuniya ba ce. Tun 1905 Einstein ya nuna cewa agogon mai gudu yana tafiya a hankali in an gwada da na wanda ke zaune. Sai dai gudun ya kusa na haske kafin abin ya zama shekaru. Scott Kelly ya yi kwana 340 a tashar sararin samaniya tsakanin 2015 da 2016, tagwayensa Mark na ƙasa, amma ratar da aka samu tsakaninsu ba ta kai ko daƙiƙa ɗaya ba. Zuwa Mirrikh kuma wata 6 zuwa 9 ne da kumbon yanzu. Shi ya sa na ƙara wa yaron maki: ya gane cewa sai direba ya wuce tasha kafin lissafin ya yi daidai.

Malamai sun riga mu hawa

Wani zai ce wannan duk wasan Turawa ne. To, ba haka ba ne. Tun watan Yuni na 1985 Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya hau kumbon Discovery. A Oktoba 2007, cikin watan azumi, likita Sheikh Muszaphar Shukor na Maleshiya ya tafi tashar sararin samaniya, wadda ke kewaya duniya sau 16 a kwana ɗaya, kowane zagaye kamar minti 90. Da za a bi fitowar rana da faɗuwarta a can, salla 80 ke kansa kullum. Da na faɗa wa ɗalibai haka, wani ya ce shi ya fasa zama ɗan sama jannati. Amma malaman Maleshiya sun zauna da masana kimiyya tun 2006, suka fitar da jagora: ya bi lokutan wurin da kumbo ya tashi, ya fuskanci alƙibla gwargwadon iko, in ya gagara ya fuskanci duniya. A 2014 kuma hukumar fatawa ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta hana shiga tafiyar Mirrikh ta ba-dawowa da wani kamfani ke tallatawa, don jefa rai ne cikin halaka. Kamfanin ya karye a 2019, ko ƙusa bai harba ba.

Wadda ta fi jan hankalin 'yan matan ajina ita ce Rayyana Barnawi. Ranar 21 ga Mayu 2023, wata guda da 'yan kwanaki bayan ɓarkewar yaƙi a Khartoum, wannan masaniyar kimiyya ta zama mace ta farko daga Saudiyya da ta je sararin samaniya, tare da ɗan ƙasarsu Ali al-Ƙarni da Amurkawa biyu. Barnawi kuwa laƙabi ne da aka san zuriyar mutanen Borno da shi a Hijaz, kamar yadda ake cewa Hausawi ko Fallata. Ku duba: sai a Yunin 2018 aka bar mata suka fara tuƙa mota a Saudiyya, a 2022 aka sanar cewa mace na iya zuwa Hajji da Umra ba dole sai da muharrami ba, a 2023 ga mace a kumbo. Shekara 5 ke nan kacal. Da Alhajin labarinmu Makka ya bari a 2017, ba ya buƙatar shekara 40 kafin ya aje buhu. Mu ma a nan, a Nuwamba 2019 aka soke dokar Nizamul Am da ta daɗe tana bibiyar suturar mata da zirga-zirgarsu, ra'ayoyi kuma har yau sun rabu a kanta.

Inda dariya ta tsaya

Muna cikin wannan hira sai wata yarinya mai shiru-shiru, cikin waɗanda suka gudo daga Madani a Disamba 2023, ta ɗaga hannu. Ta ce, "Ustaz, amaryar Alhajin, shekara nawa ta jira kafin ta yi wani auren?" Ba wanda ya yi dariya. Duk ajin sun san tun ranar da suka baro gida ba a ji ɗuriyar mahaifinta ba, ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba.

Wannan tambaya ta girmi kumbo. Kakanninmu da ƙafa suka taso daga Kano da Sakkwato da Katsina da Borno za su Hajji. Tafiyar kan ci shekaru, ana yada zango ana noma ana ci gaba. Wasu sun biyo ayarin Sarkin Musulmi Attahiru, wanda aka kashe a Burmi a 1903, ɗansa Mai Wurno ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar. Wasu aikin auduga na Jazira ya riƙe su bayan 1925, wasu dawa da riɗin Gadarif. Mutum nawa ne ya ce wa matarsa zai dawo baɗi, aka yi ta jiran tsammani? Mu ne jikokin Alhajin da direba ya wuce da shi.

Shari'a ba ta bar matar nan a rataye ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, matar wanda ya ɓace ba labari tana kai ƙara wurin alƙali, a yi cigiya, in ba a same shi ba a sa mata wa'adin shekara 4, sannan ta yi takaba wata 4 da kwana 10. Hukuncin yana sauyawa in a fagen yaƙi ya ɓace, ko in bai bar mata abin ci ba. Dokar iyali ta Musulmi ta Sudan ta 1991 ita ma ta ba mace damar neman kotu ta raba aure saboda daɗewar miji ba ya nan ko rashin ciyarwa. Wanne ya dace da wace, aikin alƙali ne da malamai, ba na malamin aji ba. Ƙungiyar Hilal Ahmar tare da Red Cross kuma suna karɓar cigiyar waɗanda suka ɓace. Matsalar ita ce mata da yawa ba su san da wannan ba, wadda ta sani kuma kunya da tsoron bakin mutane sun rufe mata baki. In ta tambaya a ce ta ƙosa. In ta yi shiru ta tsufa da yara a ɗakin aro.

Haka zancen auren waya. Lokacin da layukan sadarwa suka ɗauke a Fabrairun 2024, 'yan'uwanmu a Khartoum da Jazira sun riƙa biyan kuɗin awa a wuraren Starlink don su ce suna raye. Ta taurarin nan da ke yawo kilomita kusan 550 a kanmu aka yi ta'aziyya, aka turo kuɗin cefane, aka nemi aure, wasu ma aka sake su. Samarinmu na Saudiyya da Libiya da Masar, 'yan matan na nan. Ko mun so ko mun ƙi, zance ya bar ƙofar gida ya koma cikin tafin hannu. Abin da bai kamata ya ɓace ba shi ne waliyyi da shaidu da sadaki da yardar yarinya, da kuma binciken da iyaye kan yi kafin su ba da 'ya. Uban da ya ce shi bai san waya ba bai hana komai faruwa ba, kansa kawai ya cire daga shawarar.

Hausawa sun ce da wasa ake faɗa wa wawa magana. Ni na ga har mai hankali da wasa ya fi saurare. Da na shiga aji na ce yau za mu tattauna neman aure ta waya da hukuncin matar wanda ya ɓace, da kowa ya sunkuyar da kai, washegari kuma iyaye su zo mini da sanda. Amma da aka ɗora wa Alhaji buhun riɗi aka harba shi sama, yara suka faɗi abin da ke cikin gidajensu ba wanda ya ji kunya.

Bayan an tashi na samu limamin unguwarmu na ba shi labarin. Ya yi dariyar yaron mota har da share hawaye, sannan ya yi shiru, ya ce zai yi bayanin hukuncin wanda ya ɓace a karatun mata na ranar Asabar, da Hausa. Yaron kuma na ba shi sabon littafin rubutu, na ce ya rubuta labarin kamar yadda ya faɗe shi. Ya ce akwai kashi na biyu: uwargida ce za ta hau kumbo ta bi sawun Alhaji, don ta ji wai ya ƙara aure a can.