Ba Mai Wuƙa Kaɗai Ne Likita Ba

Jama'a, mu mazauna Sabon Badun da Agege da Idi-Araba, in Allah ya nufi ɗan ɗayanmu da shiga karatun likita, fatan da ake yi masa shi ne ya fito likitan tiyata. Shi ake gani ya kai. To, kafin a matsa wa yaro, ya kamata uba ya san yadda hanyar take.

Shekara 6 ake yi a jami'a, sai shekara guda ta koyon aiki a asibiti, sai guda ta bautar ƙasa. Daga nan ne yaro zai zaɓi fannin da zai ƙware, ya ƙara kamar shekara 4 zuwa 6, ya ci jarrabawar kwalejin ƙwararrun likitoci da aka kafa a 1979, wadda ke Ijanikin a Ikko, ko kuwa ta Afirka ta Yamma. Wannan zaɓi shi zai bi shi har furfura.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba, a asibitin Gwamnati albashi da mataki yake tafiya. Babban likitan fata da babban likitan tiyata, in matakinsu ɗaya, tushen albashinsu ɗaya. Amma ɗaya ana ta da shi ƙarfe biyun dare saboda haɗarin mota a hanyar Badun, ɗaya kuwa yawancin majinyatansa suna iya jira sai gari ya waye. Ga shi man bilicin ya sa layin likitan fata ba ya yankewa.

Dubi likitan ido. Yanar ido ita ce kan gaba wajen makantar da mutane a ƙasar nan, alhali aikin cire ta sau da yawa bai kai minti 30 ba. Kashegari a kwance bandeji, tsohon da aka jawo da sanda ya ga fuskar jikansa. Duk wanda ya taɓa kai nasa Asibitin Ido na ECWA a Kano ya san irin addu'ar da likitocin nan ke sha. Likitan hoto ma, watau mai karanta hoton ƙashi da na ciki, kasuwarsa a buɗe take, domin ɗakunan ɗaukar hoto masu zaman kansu suna nemansa.

Wanda aka fi yi wa gori shi ne likitan ƙwaƙwalwa, wai likitan mahaukata. Haba jama'a! A 1954 Dakta Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, Abekuta, inda ya saukar da majinyata a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, ana yi musu magani. Duniya ta yaba, har ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya a 1973. Yau mun haura miliyan 200, amma likitocin wannan fanni 'yan ɗaruruwa ne kawai.

Lalle nan ne muka fi bukatar 'ya'yanmu, domin rabin wannan aiki magana ce. Ɗan acaban da ƙwaya ta taɓa, ko matar da hankalinta ya juya bayan haihuwa, in an kai su asibiti a nan Kudu sai an nemo tafinta. Sau da yawa tafintan nan miji ne ko maƙwabci, wanda ba za a iya faɗin abin da ke rai a gabansa ba.