FILIN NOMA: Ramin Tare Yashi A Bakin Kwalbati

Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram ta fi sauran sassan Jihar Jigawa samun ruwan sama, ga kuma duwatsu da gangare. In aka yi ruwa mai ƙarfi, musamman cikin watan Agusta, sai ya gangaro da gudu ɗauke da yashi da kara. Yashin nan shi ke toshe kwalbati da magudana. Da sun toshe, ruwa sai ya nemi wata hanya, ya ci gona, ya yi zaizaya, wani lokaci har ya kai ga gindin rumbu. Wanda ya ga ɓarnar ambaliyar 2022 ya san wannan ba abin wasa ba ne.

Maganinsa shi ne a gina rami na kankare daidai inda ruwa ke shiga kwalbati. In ruwa ya faɗa cikin ramin sai gudunsa ya ragu, yashi ya kwanta a ƙasa, ruwan kuma ya wuce ta mafita.

YADDA AKE GINAWA

A yi aikin da rani. A haƙa rami yadda in an gama gini cikinsa zai zama ƙafa 3 tsawo, ƙafa 3 faɗi, zurfi ƙafa 4. A daddaɓe ƙasan sosai, a zuba daɓe mai kaurin inci 6. Washegari a kafa katako, a jera rodi, a zuba bango, shi ma inci 6. Mafitar ruwa kada ta zauna a gindi. A ɗaga ta kamar ƙafa ɗaya da rabi daga daɓe, don nan ne yashi zai taru.

Kwaɓin kuwa, siminti kashi 1, yashi kashi 2, tsakuwa kashi 4. Watau kowane buhu mai kilo 50 zai ci yashi kwanon sarki 4 da tsakuwa 8. Kada a cika ruwa don neman sauƙin kwaɓi, yana rage ƙarfin kankare. Bayan an gama a riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma har kwana 7, a rufe shi da tsofaffin buhuna saboda rana.

ABIN DA ZAI CI

Rami mai wannan girma zai ci siminti kamar buhu 7, murfinsa kuma buhu 1. Sai rodi, katako, ƙusa da ladan magini. Siminti ne babban kashe kuɗi, gama a farkon 2024 buhu ya haura Naira 10,000 a wurare da dama. Saboda haka manomi ya tambayi farashin ranar kafin ya fara, kada aiki ya tsaya a rabi. Wanda ƙarfinsa bai kai ba yana iya yin bango da bulo mai inci 9, kamar guda 60, a cika ramukansa da kankare, a yi masa shafe. In maƙwabta suka yi gayya wajen haƙa da ɗebo yashi, kuɗin lebura ya fita ke nan.

KULAWA

Dole a sa murfi mai ƙofofi, don kada yaro ko ɗan akuya ya faɗa. A bar ƴar kafa a daɓe yadda ragowar ruwa zai tsotse, sauro bai sami wurin ƙwai ba. Bayan kowane babban ruwa a kwashe abin da ya taru, a tsince leda, lakar kuma a mayar da ita gona, domin ita ce ƙasa mai kyau da ruwa ya kwaso. Ramin da aka bari ya cika, da shi da babu duk ɗaya.

In kwalbatin na hanyar hukuma ne, sai a fara sanar da ma'aikatan ayyuka na ƙaramar hukuma, a kuma nemi shawarar malamin gona. Allah ya ba da damina mai albarka.