Ƙaramin jirgi mai tafiya da iska: wane fasali ya dace da ɗan Zangon da bai taɓa ƙerawa ba?

Kumasi ba garin bakin teku ba ne, don haka duk wanda ya ce zai ƙera jirgin ruwa a tsakar gidansu a Sabon Zango ko Aboabo, dariya za a fara yi masa. Amma tafkin Bosomtwe na nan kudu maso gabas da mu, tafiyar kilomita 30 da 'yan kai, kuma faɗinsa ya kai kilomita 8. Ni malamin ƙaramar sakandare ne, kuma na daɗe ina neman aikin hannu da zai haɗa wa yara awo, lissafi da sassaƙa a abu guda. Da na tsaya kan jirgi, sai na tarar babbar tambayar ita ce fasali. Wanda ya zaɓi fasalin da ya fi ƙarfinsa, katakon zai ƙare a jingine da bango, awaki na hawa.

Kwalekwalen masuntan Elmina da Cape Coast daga gungumen itacen wawa guda ake fafe shi, aikin gwanaye ne da suka gada. Mai koyo filawud zai nufa, wanda ake sayarwa falle-falle, ƙafa 8 a tsawo, 4 a faɗi. Wannan awon shi ne ke yanke hukunci. Jirgin da bai wuce ƙafa 8 ba, kowane gefensa daga falle ɗaya zai fita. Da ya zarce, sai an haɗa baki, kuma a wurin haɗin ne sabon hannu kan bar ƙofar yoyo.

Fasali uku na auna. Na farko Optimist, wanda Clark Mills ya zana a Florida ta Amurka a 1947 domin iyaye su ƙera wa 'ya'yansu da filawud mai araha. Tsawonsa mita 2.3, gabansa a datse kamar an sare, ƙyallen iska ɗaya. Yaro ɗaya yake ɗauka, ɗan ƙasa da shekara 16. To ni da nake son in zauna kusa da yaro ranar farko, ina zan sa ƙafata?

Na biyu Mirror, wanda Jack Holt da Barry Bucknell suka fitar a Ingila a 1962, jaridar Daily Mirror ta tallata shi, shi ya sa ƙyallensa ja. Mita 3.3 ne, yana ɗaukar mutum biyu, kuma gaskiya ya fi su duka kyan gani. Ɗinke fallayen ake yi da wayar tagulla, sannan a bi ɗinkin da gam mai ƙarfi da zaren gilas. Dabara ce mai kyau, sai dai gam ɗin efoksi daga waje yake zuwa, farashinsa na bin dala, ga shi da saurin daskarewa a zafinmu kafin mutum ya gama shafawa. Igiyoyi da ƙarafunansa ma sun yi wa mai farawa yawa.

Na uku shi ne wanda Amurkawa ke kira Puddle Duck Racer: ƙafa 8 a tsawo, 4 a faɗi, gefuna a miƙe, ƙasansa kaɗai ke da lanƙwasa. Wani kafinta a kasuwar katako ta Sokoban da na nuna wa zanen cewa ya yi, "Malam, ai wannan akwatin kaya ne." Haka ne kuwa, kuma dalilin da ya sa na zaɓe shi ke nan. Duk wanda ya iya haɗa akwati zai iya haɗa shi da zarto, ƙusa da gam na katako mai jure ruwa. Faɗinsa na hana shi saurin kifewa, babba da yaro za su zauna ciki, ƙyallen kuma ana iya yanka shi daga tamfol ɗin da 'yan kasuwa ke rufe kaya da shi, tela ya bi bakin da ɗinki.

Abin da ba na sassautawa a kai shi ne akwatunan iska. Tilas a rufe gefuna biyu ruf, ta yadda ko jirgin ya kife ba zai nutse ba, kuma idan an miƙar da shi ruwan ciki kaɗan ne. Bosomtwe ramin da dutse daga sama ya haƙa ne kimanin shekara miliyan ɗaya da ta wuce, zurfinsa a tsakiya ya haura mita 70, ga tsaunuka kewaye da shi da ke sa iska ta juya ba sallama. Yawancin yaran Zango ba su iya iyo ba. Ba rigar ceto, ba shiga.

Filawud ɗin kasuwa kuma a yi hattara, mafi yawansa na silin da kabad ne. A yanki guntu, a tafasa shi awa guda, a shanya, a sake tafasawa. In ya ɓare falle-falle, gam ɗinsa ba na ruwa ba ne, a bar wa mai shi kayansa.

Sai batun da littattafan Turawa ba su san da shi ba: ƙofar zaure da lungu. A auna su tun kafin a sayi katako. Jirgi mai faɗin ƙafa 4 zai fita a karkace, mutum huɗu su ɗora shi kan aboboya ko saman tiroto. Mai ƙafa 11, a wasu gidajenmu sai an rushe katanga.

Ruwan da za a saka shi ma na da nasa sharaɗi. Owabi da Barekese ruwan shan gari ne, ba wurin gwaji ba. A Yeji, kututturan itatuwan da tafkin Volta ya shanye bayan dam ɗin Akosombo na 1965 na nan a ƙarƙashin ruwa, don haka allon da ke hana jirgi zamewa gefe ya zama mai ɗagawa da kansa idan ya bugi abu. A Bosomtwe kuwa, tafki ne mai alfarma a wurin Asantawa, kuma masuntansa har yau kan zauna kan falankin da suke kira padua, suna tuƙi da hannu, saboda tsohuwar al'adar da ta ƙi ƙarfe ya taɓa ruwan. Yanzu akwai jiragen inji masu ɗaukar baƙi a Abono, amma mu baƙi ne a can. Kafin mu yanka falle na farko, ni da iyayen yara biyu za mu je mu gai da dattawan garin mu ji ko sun yarda, kuma a wane gefe.